Kuɗin Inuwa

Tun da aka sa wa inuwa kuɗi a Kano, baƙo kaɗai ke zama gindin bishiya. Ranar da Ladidi ta iso daga Gumel za ta fara jami'a, ta ga darbejiya a tasha, ta zauna kamar a gida. Nan take awarwaron da aka ɗaura mata a ƙofar gari ya hau ƙara, yana zaftare kuɗin abincinta.

Ta yi wuf ta koma rana, idonta ya cicciko.

Wata dattijuwa mai tallar fura ta yafito ta. "Zo ki tsuguna bayana, 'yata."

Ladidi ta raɓe a inuwar matar. Awarwaron bai ce uffan ba. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Inna, wannan fa nawa ce?"

"Tawa ce. Ba su zo auna ta ba tukuna."