Kwalbar da Sadiƙa Ta Miƙa

Attahiru mai hatsi ba ya son a ɗauko zancen karatun yara a rumfarsa ta kasuwar Sabon Birni. Da abokai sun fara yabon 'ya'yansu, sai ya duƙa ya kama ɗaurin bakin buhu. Ɗiyarsa Sadiƙa ta kai aji biyar, amma ko sunanta ta rubuta sai wani harafi ya juya baya.

Abin da ya fi ci masa rai, yarinyar ba ta rasa wayo ba. Labari in ta ji shi sau ɗaya, za ta maimaita shi tsaf. Don haka ya yanke cewa lalaci ne kawai.

"Baba, haruffan ne ba su tsayawa wuri guda," ta ce masa wata rana cikin kuka.

"Mi kika ce? Ki sake faɗin wanga shirme ki gani! So kike ki kunyata ni cikin gari."

Ya zane ta. Ba ta sake faɗa ba. Sai ta koma sa ƙawarta ta karanta mata darasi, ta haddace, ta zo gida tana bin layi da yatsa kamar mai karatu. Attahiru ya ce bulala ta yi aiki, har ya fara ba abokai shawara.

Ran nan ya kai gero kasuwar garin Isa, matarsa Kadijatu ta kira shi a waya: jikin Hamza, ɗan goyonta, ya yi zafi.

"Akwai kwalba biyu bisa taga," in ji shi. "Guda ta zazzaɓin yara, guda ta tarina. Ki sa Sadiƙa ta karanta miki, ai yanzu ta iya."

Kadijatu ba ta yi boko ba, ta miƙa wa ɗiyarta kwalaben. Sadiƙa ta daɗe tana kallon su, ta kasa cewa ba ta gane ba. Ta zaɓi ɗaya ta miƙa, Kadijatu ta ɗura wa Hamza. Maganin tarin manya ne.

Ko da Attahiru ya iso asibiti, Hamza na kwance laƙwas, an sa masa robar numfashi. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ji yadda aka yi, ta ja Sadiƙa gefe ta rubuta mata kalmomi. Can ta dawo.

"Malam, yaron zai tashi in sha Allahu. Amma yarinyar nan ina zaton tana da disleksiya, ya kamata a gwada ta. Wahala ce ta gane rubutu, ba rashin hankali ba, ba kuma lalaci ba. Da malami mai haƙuri da koyarwa ta sautin haruffa, masu ita suna karatu har jami'a. Ba ta taɓa gaya muku rubutu na ba ta wahala ba?"

Attahiru ya tuna ranar da ta gaya masa cikin kuka. Ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Kadijatu ta zuba masa ido.

Ya fita ya tarar da Sadiƙa a rakuɓe jikin bango. Ya durƙusa ya miƙa hannu zai dafa ta. Yarinyar ta yi sauri ta kare kanta da hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri. Za ni iya, wallahi za ni iya."

Hannunsa ya tsaya a sama. A nan, a gaban jama'a, hawaye suka zubo masa.

Iyaye da malamai, yaron da karatu ke ba wahala ba daƙiƙi ba ne. Ku saurari kukansa, ku nema masa gwaji da taimako da wuri. Duka ba ya koya wa yaro karatu, ɓoyewa yake koya masa.