Kanar a Gangar Kifi

"Duk waƙar da ta taɓa ba mutanen Ingila dariya, in ba a sa sunan mai ita ba, tawa ce." Haka Sir Ambrose Wedlake yake faɗa a kowane teburi a garin Bath, yana ɗan gyara hular gashinsa. In an ce don me bai sa suna ba, sai ya ce ai ɗan babban gida ba ya tallar basirarsa kamar mai kifi.

Gaskiyar magana, ko baiti ɗaya bai taɓa haɗawa ba. Akwai wani kantin tsofaffin littattafai a bayan majami'a, can yake sulalewa ya sayo tarin waƙoƙin barkwanci da kacici-kacici na mutanen da, irin waɗanda aka buga ba suna. Yakan jefa kuɗi a kan teburi yana kallon rufi, don a ganinsa kallon fuskar mai kanti zubar da girma ne. Ya haddace, ya fesa turare, ya tafi cin abincin mutane. Gona ta tafi a caca, gida na haya. Bakin nan shi ne kaɗai abin da ke ciyar da shi.

Bara ya samo wata tsohuwar waƙa a kan gurguwar agwagwa, ya cire agwagwar ya sa sunan Dorcas Fenwick, wata budurwa mai ɗan ɗingishi. Gari ya ɗauka. Har masu ɗaukar manya a kan kujera suna rera ta a titi. Saurayinta ya ji kunya, ya janye maganar aure, ya gudu Landan. Dorcas kuwa, in sun haɗu da Sir Ambrose ma, ita ke fara gaishe shi.

To, a makon nan kaya sun ƙare masa, ga gwaggon Dorcas, Lady Hartopp, ta gayyace shi liyafa, duk manyan gari za su zo. Ya ruga kanti. Mai kantin ya turo masa wani ɗan littafi ja-ja-ja, yana ƙamshin shayi.

"Shi kaɗai ya rage a duniya, yallaɓai. Sauran an ƙone su."

Sir Ambrose ya buɗe, ya karanta shafi ɗaya, dariya ta kusa kayar da shi.

Ranar liyafa ana gabatar da baƙi yana ta zuba surutu, bai ji sunan kowa ba. A can ƙarshen teburi akwai wani tsoho da jar rigar soja da ƙyalle a ido ɗaya, yana shan romonsa shiru. Da aka ɗauke gasasshen naman sa aka kawo giya, Dorcas ta yi murmushi.

"Sir Ambrose, yau ba za a taimaka mana da sabuwa ba? Ko rijiyar ta ƙafe?"

"Ta ƙafe? Yarinya, wannan tun ina saurayi na yi ta, ban dai taɓa rera muku ita ba."

Ya miƙe, ya dafa ƙirji.

"Kanar Ruddock sarkin yaƙi,
Ya ji bindiga ya saki doki,
Ya faɗa gangar kifi mai wari,
Ya yini ciki yana ta ɓari."

Falo ya ɓarke da dariya. Wani limamin coci ya ƙware da giya, sai da aka bubbuga masa baya. Lady Hartopp tana share hawaye ta ce, "Don Allah taka ce da gaske?"

"Ranki ya daɗe, na rantse da kabarin ubana. Kowace kalma."

Sai aka ji ƙarar kujera. Tsohon nan ya taso a hankali, ya zagayo teburi, ya zare safar hannunsa ya wurga wa Sir Ambrose a fuska.

"Ni ne Ruddock. Saboda waƙar nan aka kore ni daga soja. Matata ta mutu yara na bin ta suna toshe hanci. Na tsufa ina neman wanda ya yi ta, ashe kai ne. Takobi ko bindiga? Zaɓi. Lambu na nan a waje, rana ba ta faɗi ba."

Dariya ta ɗauke ɗif. Sir Ambrose ya duba hagu, ya duba dama. Kowa ya san doka: wanda ya yi zambo shi ke tsayawa a gaban harsashi. Shi kuwa rabonsa da bindiga tun ranar da ya harbi karen farautarsa bisa kuskure.

"Kanar, ai wasa ne..."

"Ka rantse da ubanka. Tashi mu je."

Sir Ambrose ya zube a kan kafet, hular gashi ta zame, sanƙo ya bayyana.

"Ba tawa ba ce! A littafi na gani! Wallahi ban taɓa yin waƙa ba, ko ɗaya, duk saye nake yi a bayan majami'a!"

"Har ta agwagwa?" in ji Dorcas.

"Har ita."

Ba wanda ya yi dariya. Matan suka ɓuya a bayan mafitansu, mazan suka juya masa ƙeya ɗaya bayan ɗaya. Sir Ambrose ya san daga yau ko ruwan wanke hannu ba zai ƙara samu a Bath ba. Amma dai da ransa. Ya ɗago yana neman afuwar Kanar, sai ya ga tsohon ya cire ƙyallen ido yana goge gumi da shi, ido biyu garau.

Dorcas ta ɗingiso har gabansa, ta sunkuya.

"Dube shi da kyau, Sir Ambrose, yau ɗaya dai. Mai kantinka ne, Mista Tuckett. Littafin kuwa makon jiya ya buga mini shi, guda ɗaya tak, ya rina shi da shayi don ya yi kamar tsoho, kuma na gode, ban taɓa jin an rera waƙata da daɗi haka ba."