Tsamiyar Gwaggo Dije

Tun da aka kafa dokar "sare ɗaya, dasa goma", tsofaffin itatuwa suka ƙare a Rafin Gora. Malam Barau ma ya sare ɗorawar da ya gada, ya dasa irin na gwamnati masu saurin girma. Sun yi tsawo, sun jeru gwanin sha'awa, sai dai ba sa 'ya'ya, inuwarsu kuma ba sanyi.

Ranar da 'yarsa ta haihu, matarsa ta roƙe shi ya samo tsamiyar kunu wurin Gwaggo Dije, maƙwabciyar da ya sha yi wa dariya don ta ƙi sare tata.

Ya tarar da abokan hirarsa kaf a gindin tsamiyar, har liman ya miƙe ƙafa yana gyangyaɗi. Kurciya na kuka a sama, kukan da ya manta rabonsa da ji.

"Gwaggo, ashe nan majalisata ta dawo?"

"Inuwa ce ta kira su, Barau, ba ni ba."

"Itatuwana fa goma ne, taki ɗaya tak."

"Haka ne, ɗana," ta ce, tana zuba masa tsamiya a ƙwarya.

Ya rage murya. "In na shuka ƙwallon, yaushe za ta kai haka?"

"Kakata ce ta shuka wannan, ba ta taɓa zama a inuwarta ba."

Barau ya shafa furfurar gemunsa. Ya dubi liman da barci ya kwashe, ya ji kamar ya tashe shi ya kwanta a wurinsa.