Igiyar Takalmin Ɗan Benci

Kwanakin nan abinci ma ba ya yi mini daɗi. Ɗana Nafi'u yana cikin 'yan ƙwallon kwando na kwalejinsu, amma tun da aka ɗauke shi benci yake ɗumamawa, sai dai ya tafa wa wasu. Ya bugo mini waya ya ce, "Umma, na gaji. In kin ce in bari, zan bari." Jumma'a zai zo gida jin amsa. Ni kuwa me na sani a ƙwallo? Sai na kai kukana wurin Kawu Ɗalha, wanda ya daɗe yana tuƙa motar 'yan wasan wata kwaleji kafin ya ajiye aiki. Bai ce mini e ko a'a ba, misali kawai ya ba ni.

Ya ce an yi wasu samari biyu a benci ɗaya. Na farkon dogo ne, ya fi ɗayan iya jifa nesa ba kusa ba, shi ya sa zaman ke ci masa rai. Da an busa usur sai ya kwance igiyar takalminsa, ya take dunduniyar kamar silifa, ya jingina yana ɓare gyaɗa. Na biyun gajere ne, ba mai kallonsa sau biyu. Shi kullum igiyarsa a ɗaure tamau, yana ta motsa ƙafa kada jiki ya yi sanyi, idonsa a kan abokan hamayya. Har ya gane cewa gwaninsu, wani zanƙalele, ba ya jefa ƙwallo sai ya fara juyawa hagu.

Ranar wasan ƙarshe, ana dab da tashi, kyaftin ɗin ƙungiyar samarin nan biyu ya gurɗe ƙafa. Koci ya waiwayo, ya fara nuna dogon. Dogo ya sunkuya yana laluben igiya, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarsa, alƙalin wasa kuwa ba ya jiran kowa. Koci ya ja tsaki ya tura gajeren. Da zanƙalelen nan ya juya hagu, sai ya tarar da mutum tsaye yana jiransa. Gajere ya fizge ƙwallo ya miƙa wa nasu, aka zura a kwando. Ya sake yi, aka sake zurawa, da haka suka ci kofi. Kawu ya ce a motarsa aka dawo da kofin, gajeren na rungume da shi, kuma daga ranar bai ƙara zaman benci ba.

Na ji daɗin labarin, sai da na dawo gida gabana ya faɗi. A bayan ƙofa akwai tsohon takalmin wasan Nafi'u da ya bari wancan hutun. Na ɗaga na duba. Dunduniyar a take take, ta kwanta lumui.

To jama'a, ku ba ni shawara. Yaron nan da zuciya, kamar mahaifinsa. In ajiye masa takalmin a gabansa ranar Jumma'a in yi shiru, ko in buɗe baki in ce ya koma bencinsa ya ɗaure igiya? Ina tsoron ya ce na goyi bayan koci. Amma karin maganar da Kawu ya sallame ni da ita ta ƙi barin kunnena: ba a fafe gora ranar tafiya.