Wata Uku Ban Ga Al'ada Ba

Ina 'yar shekara goma sha huɗu al'adata ta zo sau biyu, sannan ta ɗauke har wata uku. Ban faɗa wa kowa ba. A makarantarmu an taɓa sallamar wata yarinya a kan irin wannan. Ni ko hannun namiji ban taɓa riƙewa ba, amma na san ba mai yarda.

Wata rana bayan azahar Inna ta aike ni unguwar Abbaganaram in kai wa kakata gero. Ungozoma ce, Babarbariya, ba ta da yawan magana. Na same ta a ɗaki tana turara zannuwanta da turaren wuta. Ta dube ni tsaf, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa, sannan ta kama wuyan hannuna.

"Wata nawa abin bai zo ba?"

Na ce, "Uku, Kaka. Wallahi ban yi komai ba."

"Wa ya ce kin yi? Masassarar damina ce ta shanye miki jini, dubi yadda kika rame. Jikin yarinya kuma bai gama koyon lokacinsa ba. Ki ci abinci, zai dawo."

Ta sa aka gasa min hanta, ta zauna tana kallona har na cinye.

Kafin babbar sallah al'adar ta dawo. Yau na yi jikoki, amma har yanzu ban san yadda ta gane tun ban buɗe baki ba.