Masauki a Gindin Dutse

"Ni kam ku je, gwiwoyina ba za su ɗauki sanyin dutse ba," in ji uwar mijin, tana yanka banitsa, gurasar nan mai cuku a ciki.

Hannun matar ya tsaya cak a gashin 'yarta. Tunda ta shigo gidan nan ba ta taɓa fita ita kaɗai ba. In mijin yana wurin aiki, uwarsa na zaune bakin taga, makulli a aljihu. Makon jiya kuwa, marin da ita ta saba sha, a kuncin yarinyar ya sauka.

Mijin ya bushe da dariya. "Yau ga abin mamaki! Ke da ko firji kika buɗe sai kin yi atishawa, ke ce mai son hutu cikin ƙanƙara?"

"Ai don kai ne, mai son wasan zamiya. Mu sai mu jira ka, muna shan shayi."

"To kama mana ɗaki can sama."

"Iskar sama za ta tayar wa yarinyar da tari. Ga wani na samo a gindin dutsen."

Ya leƙa wayarta, ya ga gado da murhu. "Kin fara hankali."

Shi murhun ya gani. Ita tagar da ke hoton take kallo, inda rufin tashar jirgin ƙasa ya leƙo. Ta kuma riga ta tambaya: motar nan mai lilo a jikin igiyar ƙarfe, wadda za ta hau da shi dutsen, in ta rufe ƙofa da mutum, ba ta buɗewa sai a ƙololuwa.