Abin da Aka Binne a Gindin Ɗorawa

Safara'u ta tsiyaya ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin halitta a faranti na farko, ta jawo na biyu. A na shida ne ta fara zagi ƙasa-ƙasa.

Aikin shekara uku take kashewa a ɗakin binciken jami'a, kuma da gangan. Wanda bai san wahalar ba zai ce wani ruwa ne kawai mai launin hoda take zubarwa. To bari ka ji. Ana kawo mata tsokar dajin furostet, wannan 'yar tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ɗanya daga ɗakin tiyata. Ta yayyanka da reza, ta narkar da ita a sinadari har ƙwayoyin su rabu, ta sa musu rini mai ƙyalli, inji ya tsince su ɗaya-ɗaya. Cikin dubbai, 'yan ƙalilan take nema, iyayen cutar. In an zuba su a farantin da ba sa iya mannewa, sauran su mutu, su kuwa su dunƙule su yi 'ya'ya. A farfasa dunƙulen, su sake haɗa wani. Kamar irin ƙuduji: ka nome gona tas, shi yana kwance a ƙasa yana jiran damina.

Samfuri goma sha takwas suka mutu a hannunta. Na sha tara ne ya rayu, kuma a kansa ta ɗora digirinta na dakta kacokan. Suna ba ya zuwa ɗakin bincike, lamba ce kawai. Sai ranar Talata, da Farfesa Kamaruddeen, mai duba aikinta, ya bar rijista a buɗe ya fita salla. Lamba sha tara: namiji, shekara sittin da bakwai, manomi, ƙaramar hukumar Gezawa. Ranar tiyata kuwa ko a mafarki aka tashe ta za ta faɗe ta.

Mahaifinta ne, Malam Abdussalam.

Mutumin da kafin a shiga da shi tiyata ya tara ƙannensa ya ce duk abin da aka yanke a jikinsa a dawo masa da shi, don naman ɗan Adam ba na bola ba ne, ƙasa ce makwancinsa. Farfesa ya nemi ɗan yanki a wurinta, ta ce ko ƙwayar gero. Shi ne ya shiga duba Malam, suka daɗe, ya fito yana cewa ba komai, ya haƙura. Ita da kanta ta karɓo kwalbar da aka sa tsokar a ciki bayan an gama gwaji, ta naɗe a farin ƙyalle, aka binne a gindin ɗorawar gona. Ashe an riga an gutsira. Ashe shekara uku naman ubanta take kiwo, tana ɗura masa guba iri-iri, tana nuna hotonsa a taro ana tafi.

Kuma duk zuwanta gida tsohon nan sai ya tambaye ta, "Yaya 'yan kwalbarki, suna ci kuwa?" Ta ce suna ci, ya yi murmushi. Wannan ne ya fi ƙona ta.

Ta gama da faranti, ta buɗe tankin sanyi ta kwaso na ajiya, bututu ashirin da biyu, ta kashe su duka. Ta tace abin da ya saura a kwalba ɗaya. A teburin Farfesa ta bar takarda mai layi guda: Allah ya isa tsakanina da kai.

Tun tana motar Gezawa wayarta ke kuka. Sau tara Farfesa ya kira. Ta kife ta a jaka.

Ta tarar da Malam a gona da hantsi, ana cirar gyaɗa. Ta jira ma'aikata suka yi nisa, sannan ta durƙusa. Magana ce da 'ya ba ta yi da uba, amma ta yi ta, kanta a ƙasa. Ta ce an ci amanarsa da hannunta, ba da saninta ba. Ta ce gobe za ta kai ƙarar Farfesa gaban hukumar jami'a, digiri kuma ta yafe shi. Ta ajiye kwalbar a gabansa.

Malam ya dubi kwalbar ya daɗe.

"Duka kika kashe, Safara'u?"

"Duka, Baba. Ko ɗaya ban bar masa ba."

"Ba sa tashi kuma?"

"Har abada."

Ya zauna a kan kunyar gyaɗa kamar an zare masa laka. Ta ɗauka baƙin cikin abin da aka yi masa ne, zuciyarta ta ƙara tafasa. Ta ɗauki fartanyarsa ta nufi ɗorawar, ta yi ta sara har gumi ya jiƙa mayafinta. Bai ce ta bari ba, bai kuma taso ya yi addu'a ba.

Da ta sa kwalbar a ramin, ta mayar da ƙasa ta daddanne, sai ta ciro wayar don ta goge lambar mutumin nan daga rayuwarta. Saƙo ɗaya ya turo, ba ko kalma, hoton takarda kawai. Takardar amincewa ce ta bayar da tsoka don bincike, mai kwanan watan jajiberin tiyata. Ta ja hoton ya girma, tana neman inda aka yi ƙaryar sa hannu.

A ƙasan takardar, da ajami, cikin rubutun da ko a duhu ta san mai shi, an sa: "Ni Abdussalam na bayar, don karatun 'yata ya yi kyau. Sharaɗina ɗaya, kada ita ko 'yan'uwana su sani."